Rumbun takardu a gida: yadda na zaɓi kwamfutar da ba ta ƙara, ba ta shan wuta



A Damargu ba a tambayar magidanci dalilin da ya sa ya yi rumbu. Abin da ake dubawa shi ne inda ya kafa shi, ko ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da laima, ko bakinsa na rufuwa da kyau, ko girmansa ya yi daidai da gonarsa. Ajiyar hatsi mun gaje ta kaka da kakanni. Amma cikin ƴan shekarun nan wata sabuwar dukiya ta shigo gidajenmu wadda ba a yi mata rumbu ba: hotunan takardu, muryoyi, bidiyon darasi, littattafan da ake turowa ta WhatsApp. Duk a cikin waya suke kwana, waya kuwa aljihu ce, kuma kowa ya san abin da ke samun aljihu.

Ni malamin firamare ne. Na haura shekara 20 da fitowa daga makarantar horar da malamai ta Askiya Muhammad da ke Damagaram, na kuma koyar a ƙauyuka da dama tsakanin Tanut da Belbeji, saboda haka na san abin da ke cikin wayar malami. Akwai takardun shirin darasi da ya yi shekaru yana gyarawa, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da jerin makin ɗalibai, da takardar ɗaukarsa aiki, da hoton takardun haihuwar yaran da iyaye suka damƙa masa domin rajista. Wayar uba kuma tana ɗauke da takardar cinikin gona, da katin rigakafin yara, da muryar tsohuwa tana ba da tarihin zuri'a kafin ta rasu. Wata abokiyar aikina an zare mata waya a cunkoson ranar kasuwa. Kuɗin wayar bai dame ta ba kamar aikin shekara 6 da ya tafi, har da hoton takardar haihuwar wani yaro wanda gara ta riga ta cinye ta asalin. Sai da mahaifinsa ya yi ta zirga-zirga kafin a yi masa wata, saura ƙiris rajista ta wuce yaron.

Wani zai ce ai Google na ba da giga 15 kyauta, a zuba komai can. Gaskiya ne, ni ma ina ajiye ƴan takardu kaɗan a can. Amma duk wanda ya taɓa hawa tudu a wani ƙauyen Tarka ko Tenhiya yana ɗaga waya sama yana neman rezo ya san cewa ajiyar da ke nesa ba ta amfanarka sai ranar da layi ya yi kyau kuma kana da kuɗin data. Wannan ya sa na fara tunanin kwamfutar ajiya ta gida: ƴar kwamfuta da ake girkewa a kusurwar ɗaki, babu allo babu madannai, aikinta kawai ta riƙe fayiloli ta kuma miƙa su ga duk wayar da ke gidan ta hanyar wifi, ba tare da intanet ba, ba tare da an kashe ko dala ba. Masu sana'ar na kiranta sabar. A gidana rumbu muke ce mata.

Yawancin shawarwarin da za ka samu game da ita mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta, kuma tambayarsu ta farko ita ce saurin na'ura. Mu tambayarmu ta farko batir ce. Mafi yawan ƙauyukanmu da sola suka dogara, mutanen gari ma sun ga darasi a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasarmu daga can take zuwa, kuma ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. Tun daga nan duk abin da zan saya mai amfani da kuran sai na fara tambayar kaina ko batir zai iya ɗaukarsa har gari ya waye.

Da na kawo maganar a gida, uwargida ta saurare ni har na gama, sannan ta ce: "Malam, ni dai sharaɗina ɗaya ne. Kada wannan abin naka ya kashe wa yara fanka da tsakar dare." Wannan sharaɗin shi ya zama ma'aunina, kuma lissafinsa ɗan aji shida ma zai iya yi.

Batir ɗinmu irin na gama-gari ne, mai bolt 12, an rubuta masa 100Ah. Idan ka ninka 12 sau 100 za ka samu wat-awa 1,200. Wat-awa ɗaya shi ne abin da na'ura mai shan wat ɗaya ke sha cikin awa ɗaya. Sai dai batir mai dalma ba a shanye shi ƙarƙaf, in ana so ya daɗe rabinsa ake amfani da shi, wato 600. A cikin wannan 600 ɗin fanka mai wat 15 za ta ɗauki 120 idan ta yi awa 8, ƙwai uku masu wat 5 za su ɗauki 60 cikin awa 4 na karatun dare, cajin wayoyi kuma ya kai 50. Abin da ya rage bai wuce 370 ba, kuma dole a bar wani abu saboda ranakun hazo da hadari, lokacin da farantin sola ba ya cika batir.

To, ɗauki tsohuwar kwamfutar tebur, irin wadda ake samu da araha ko ma a ba ka kyauta. Ko tana zaune ba ta aikin komai tana iya shan wat 50 zuwa 60. Ba ta aiki sai da inbata, shi ma inbatan yana shan nasa, a ce wat 10. Wat 70 sau awa 12 na dare ya ba ka 840. Kafin kiran sallar asuba batir ya mutu, fanka ta tsaya, kuma in aka yi ta maimaita haka, cikin ƴan watanni sai sayen sabon batir, wanda ya fi ita kwamfutar tsada. Kyautar ta zama bashi. Na'urar da ke shan wat 5 kuwa, dare guda 60 kawai za ta ɗauka, yini da kwana 120. Da wannan lissafin na fitar da kwamfutar tebur daga jerin tun kafin in je kasuwa.

Sai maganar ƙara. Ga Bature, ƙarar kwamfuta damuwa ce ta kunne kawai. A wurinmu ma akwai wannan, domin da sanyi a ɗaki ɗaya ake kwana, nan kuma yara ke bitar karatu. Amma akwai abin da ya fi haka. Ƙarar daga fankar cikinta take fitowa, fankar kuwa iska take zuƙa, iskar Damargu kuma daga Nuwamba zuwa Maris ƙura ce zalla. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar ofis bayan hunturu ya ga yadda ƙura ke daskarewa a ciki kamar auduga. Ƙurar na toshe hanyar iska, zafi ya ƙaru, fanka ta ƙara gudu, ta ƙara shan wuta da ƙura. Saboda haka a nan ƙasar shan wuta da zafi da ƙara da ƙura duk tushensu ɗaya ne. Na'urar da ke shan wuta kaɗan zafi kaɗan take yi, ba ta buƙatar fanka, ba ta ƙara, ba ta kuma zuƙar ƙura.

Na'urori uku suka rage mini in auna.

Ta farko tsohuwar laftof ce, musamman wadda allonta ya fashe, domin mai ita na sayar da ita da araha, mu kuma ba allon muke so ba. Idan an kashe allo takan sha wajen wat 10, wani lokaci sama da haka. Tana da batir ɗinta a ciki, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta kashe ta nan take. Ana samun irinta a Damagaram da Kano, ana samun kayan gyaranta. Matsalarta tana da fanka, yawancinsu bolt 19 suke so ba 12 ba, kuma batir ɗinta na iya kumbura idan ya daɗe a kan caji cikin zafi. Duk wanda ya ga ya fara kumbura, ya cire shi, kada ya jira.

Ta biyu ƙaramar kwamfuta ce mai kamar gwangwanin madara, irin masu ƙwaƙwalwar Intel N100 da aka fito da ita a farkon 2023. Tana da ƙarfi sosai, tana zaune takan sha wat 6 zuwa 10, da yawansu kuma bolt 12 suke amfani da shi. Amma kada wannan ya sa mutum ya jona ta kai tsaye a batir. Batir mai bolt 12 yana hawa sama da 14 idan rana ta take yana caji, yana kuma sauka ƙasa da 12 da dare, dole a sa mata na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar. Yawancinsu suna da ƴar fanka, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin albashin malamin firamare in ba tari ya yi ba.

Ta uku Raspberry Pi ce, ƴar allon kwamfuta da ba ta fi katin ɗan ƙasa girma sosai ba, wadda wata gidauniya a Ingila ta ƙirƙira domin koyar da yara. Samfuri na 4 ya fito a 2019, na 5 a 2023. Na 5 ya fi sauri, amma ya fi shan wuta da zafi, kuma idan yana aiki mai nauyi yana son fanka. Na 4 yana zaune wajen wat 3 yake sha, bolt 5 yake so irin na cajin waya, yana da wifi a jikinsa, kuma ana sayar da gidansa na alminiyam wanda shi kansa ke fitar da zafi ba tare da fanka ba.

Na nuna hotonta ga wani mai gyaran waya a kasuwar Tanut. Ya duba, ya ce: "Mushe, wannan in ta mutu sai dai ka aika Yamai ko Kano. Laftof kuwa ko yanzu ka kawo zan buɗe maka." Maganarsa gaskiya ce, kuma ita ce ta sa wani abokin aikina a Belbeji ya zaɓi laftof. Shi yana da faranti biyu da batir babba, wat 10 ba ya damunsa, abin da ke damunsa shi ne nisa da mai gyara. Ni kuwa batir ɗaya gare ni da sharaɗin uwargida, sai na ɗauki Raspberry Pi 4 a gidan alminiyam, wani ɗan'uwa mai zuwa Kano ya taho mini da ita. Ban ga wanda ya fi wani dabara a cikinmu ba, kowa gidansa ya duba.

Sai dai kwamfutar kanta ba ita ce dukiyar ba. Dukiyar tana cikin faifan ajiya, kuma nan ne ya kamata a fi kashe kuɗi da tunani. Faifai mai juyawa babba, irin na kwamfutar tebur, yana buƙatar bolt 12 da bolt 5 a tare, yana shan wat 5 zuwa 8, wato ya fi ita Pi ɗin sha, yana kuma gurnani. Ƙarami irin na laftof wat 1 zuwa 2 yake sha, amma ba ya son faɗuwa ko girgiza, kuma masu ƙera irin waɗannan faya-fayan yawanci digiri 55 ko 60 suke sa wa iyakar zafinsu. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, ba ya ƙara, yawanci yana jure har digiri 70, kuma yana zaune abin da yake sha bai kai wat ɗaya ba. Ya fi tsada, amma shi na saya, mai tera ɗaya. Ramukan USB na Pi 4 gaba ɗayansu amfiya 1.2 kawai suke iya bayarwa, saboda haka SSD ɗaya ya yi, faifai biyu masu juyawa kuwa sun yi mata yawa.

Ina jan kunnen ƴan'uwa a kan katin memori da kile, wato filas. Kada a mayar da su rumbu. Suna gajiya da yawan rubutu, kuma ɗaukewar wuta farat ɗaya na iya lalata abin da ke ciki. Akwai kuma na jabu birjik, a rubuta musu tera ɗaya alhali cikinsu bai kai giga 32 ba, sai ka zuba kaya suna nuna sun karɓa, ranar da ka nema ka tarar babu. Araha ba ta ado. Duk abin ajiyar da ka saya, ka cika shi da bidiyo har baki, sannan ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani, kafin ka damƙa masa amana. Pi 4 na iya tashi daga SSD kai tsaye, don haka na cire katin memori gaba ɗaya.

Wajen haɗa wuta ban bi ta inbata ba. Ɗaukar bolt 12 a mayar da shi 220 sannan a sake sauke shi zuwa 5 asara ce sau biyu. Akwai ƴar na'ura mai sauke 12 zuwa 5 kai tsaye, a nemi mai iya ba da amfiya 3, a sa fis tsakaninta da batir, a kuma jona ta ta regilatar sola, domin ya yanke ta idan batir ya yi ƙasa. Pi 4 ba ta da batir na agogo, idan ta mutu babu intanet kwanan wata na rikice mata, amma akwai ɗan allon agogo mai araha da ake maƙala mata. Ba dole ba ne kuma ta kwana a kunne. A lokacin hazo nakan kunna ta daga la'asar zuwa bayan isha'i, in kashe ta ta hanyar da ta dace, ba da fizge waya ba.

Inda za a ajiye ta ma abin dubawa ne. A watan Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Pi 4 na fara rage gudu da kanta idan ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80. Shi ma batir mai dalma, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin shekarunsa. Na sa su duka a ɗakin ƙasa, a kan kanta, nesa da taga da rufi, inda hannun yaro da ruwan shara ba sa kaiwa. Na kuma roƙi uwargida kada a rufa mata kyallen ado irin wanda ake rufa wa talabijin, domin gidan alminiyam ɗin da iska yake hucewa. Goge shi da tsumma sau ɗaya a mako ya isa.

Abin da ke ciki kashi biyu ne. Akwai na kowa: littattafan karatu, tsofaffin tambayoyin BEPC, karatun Alƙur'ani, da Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci, da Vikidia wadda aka rubuta domin yara. Manhajar Kiwix, da aka fara a 2007, ita ke ba da damar karanta su ba tare da intanet ba, kuma da irin wannan dabarar aka kai Wikipedia jami'o'in Afirka masu amfani da Faransanci a shirin Afripédia tun 2012. Na sauke su sau ɗaya a Damagaram inda layi ke da ƙarfi, na taho da su. Ranar taron CAPED malamai kan biyo ta gidana su kwashi abin da suke so. Raba fayiloli ga wayoyi kuma manhajar Samba ke yinsa, ita ma kyauta ce. Ga iyaye, amfanin a fili yake: yaro na iya yin bincike a waya ba tare da an saya masa data ba, ba tare da ya faɗa inda ba a aike shi ba.

Kashi na biyu a kulle yake da kalmar sirri: takardun gidana, da makin ɗalibai, da takardun haihuwarsu. Waɗannan amana ce, kuma tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane. Wifi ba ya tsayawa a bakin zaure, maƙwabci ma na iya ganinsa. Takardar ɗan wani kuma ba na riƙe ta sai da sanin iyayensa, idan rajista ta ƙare ina tambayarsu ko in bar musu ita a ajiye ko in goge.

Rumbu ɗaya ba ya isa, wannan kowane manomi ya sani. Wasu na sa faifai biyu masu kwafar juna a cikin na'ura ɗaya su ɗauka sun tsira. Wannan yana maganin mutuwar faifai ɗaya, amma ba ya maganin tsawa, ko ɓarawo, ko gobara, ko yaron da ya goge fayil bai sani ba. Damunar 2024 ta isa misali: a watan Satumba ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, gwamnati kuma ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya. Ina da ƙaramin faifai mai juyawa da nake jonawa duk ƙarshen wata, in kwafe komai, in cire shi in sa a akwati a wani ɗakin. Na tsara shi da tsarin exFAT wanda kusan kowace kwamfuta ke karantawa, ta yadda ko Pi ta mutu yau, kowace laftof a gari za ta buɗe mini takarduna. Wannan ita ce amsata ga mai gyaran waya. Muhimman takardun kuma akwai kwafinsu na uku a gidan yayata a Damagaram, muna sabunta shi duk hutu.

Ga wanda yake son yin irin wannan, kada ya fara da tambayar wace na'ura ce ta fi. Ya fara da rubuta abin da zai fi ƙona masa rai idan ya ɓace, sau da yawa bai kai giga 50 ba. Sannan ya lissafa abin da batir ɗinsa ke iya bayarwa bayan fanka da fitilar yara sun ɗauki nasu. Sannan ya tambayi wanda zai gyara masa in ta tsaya, da nisan da ke tsakaninsu. Idan kuɗin bai kai ba, faifai biyu masu kyau, ɗaya a gida ɗaya a gidan ɗan'uwa, sun fi kwamfuta mai tsada da faifai ɗaya. Malaman makaranta ɗaya ma na iya haɗa hannu su yi guda ɗaya su ajiye a gidan darakta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya tsare mana amanar da ke hannunmu, ya yi wa yaranmu albarka.